Yadda Fallen Ƙarfe Ya Koya Mini Lissafi A Lafiya

Jama'a, 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, ku gafarce ni in ba ku labarin wata kunya da na sha sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa. Da na yi niyya in binne ta, amma na tuna baɗi waɗansunku za su fita kamar yadda muka fita, ga takarda a hannu, ga girman kai. In wani ya karanta ya tsira daga irin ramin da na faɗa, to, kunyata ba ta tafi a banza ba.

Ni dai garin Lafiya aka tura ni, watau Lafiyar Barebari, wadda ta zama babban birnin Jihar Nasarawa tun 1996. Aka ba ni aji shida a wata makarantar firamare, in koya musu lissafi da kimiyya. Tun ina yaro a makarantar mishan ta ƙauyenmu, can gindin duwatsun Eggon, ba a taɓa kā da ni a lissafi ba. Saboda haka na isa Lafiya ina ganin ba wani abu mai lamba da zai gagare ni.

Ina cikin mako na biyu, ran nan sai hedimasta ya kira ni ofis. Ya nuna mini kantar katako da suke ajiye littattafai, gara ta cinye ta sai ɓawo, har ta fara taɓa littattafan. Ya ce iyayen yara sun yi karo-karo sun tara ɗan kuɗi don a ƙera ta ƙarfe, wadda gara ba ta iyawa. Ya ce, "Malam, an ce kai ne gwanin lissafi. Ga kuɗin, ka zana mana, ka kai wa maƙera, ka tsaya a kai. Amma fa ka sani gumin talakawa ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama." A daren nan na zana kanta mai hawa biyar, kowane hawa falle ɗaya na ƙarfe shimfiɗaɗɗe, tsawonsa milimita 900, faɗinsa 300, a aza bakinsa biyu bisa ƙarfe mai kusurwa. Kowane hawa zai ɗauki littattafai na nauyin kilo 10.

Kashegari na nufi wajen maƙeran kasuwa, inda tun daga nesa ƙarar guduma za ta yi maka jagora. Nan ake ƙera bokiti, da akwatin ƙarfe, da murhun gawayi, da indararo, da kaskon suya. Aka nuna mini wani dattijo yana zaune bisa buzu, gabansa ga wani guntun ƙarfen dogo da ya gada wurin mahaifinsa, shi ne uwar maƙerarsa. Na gaishe shi, na miƙa masa zanen. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, sa'an nan ya ce, "Malam, wane kauri kake so?" Na ce milimita ɗaya, gama na riga na tambaya, na ji kuɗinsa wajen rabin na mai milimita biyu ne.

Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, in a shimfiɗe za ka bar shi haka, ko mai biyun ba zai gamshe ka ba. Bari in karya masa baki gaba da baya, ka ƙara mini ɗan ladan aiki." Ni kuwa da jin an ambaci ƙarin kuɗi sai zuciyata ta ce, ga ta nan, dabarar 'yan kasuwa ke nan, ya ga baƙo. Na ce, "Baba, ado ba shi ne ya kawo ni ba. Bari in yi gwaji, in yi lissafi, sa'an nan mu yi magana."

Ga gwajin da na yi, ku duba da kyau, domin nan ne na faɗi. Na sami wani guntun falle mai kauri milimita 2, faɗinsa 300 daidai da nawa. Na aza shi bisa bulo biyu, tsakaninsu milimita 450, watau rabin tsawon kantata. Na aika aka kawo littattafai, muka auna kilo 10 a sikelin wani mai hatsi, na jera su a kai. Na ja zare daga bulo zuwa bulo, na sa rula, na ga tsakiyar fallen ta lotsa milimita 3. Sai na ce a raina, to, na rage kauri rabi, lotsawa za ta ninka biyu, ta zama 6. Na ninka tsawo biyu, ta sake ninkawa, ta zama 12. Milimita 12 ai kaurin ɗan yatsa ne, wa zai kula? Na nuna wa dattijo takardar. Bai ko dube ta ba, ya ce, "Malam, ƙarfe ba ya jin Turanci. Amma kuɗinka ne, abin da ka ce shi za a yi."

Bayan kwana huɗu aka kawo kanta a amalanke, an shafa mata shuɗin fenti, tana walƙiya. Na koma wa hedimasta da canji mai kauri, ya yi ta sa mini albarka. Na lura hawan sun ɗan yi ciki tun ba a sa musu kome ba, amma na kawar da kai. Muka tara yaran ajina, suka shiga jera littattafai daga ƙasa zuwa sama, ni ina tsaye na harɗe hannu. Kowane hawa ya ɗauki kaya sai ya yi ƙasa kamar ragar kamun kifi. Na ce a rage, a rarraba. Ba a kai ga ragewa ba, sai hawan sama ya lotsa har bakinsa ya zame daga inda aka aza shi, ya abka wa na ƙarƙashinsa, wannan kuma ya abka wa na ƙasa. Kai, ƙarar da aka ji har 'yan aji ɗaya sai da suka fito a guje! Monita na ajin ya kai hannu zai tare, bakin fallen ya yanke shi a yatsa, jini ya ɓata masa riga.

Yankan bai yi zurfi ba, aka wanke aka ɗaure. Amma ni da ƙasa za ta tsage da na shige. Hedimasta bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗa zafi ke nan. Ya dubi tarin littattafai a ƙasa, ya ce, "Malam, Jumma'a iyaye za su zo su ga abin da aka yi da kuɗinsu. Malaminku mai duba aiki kuma an ce Litinin zai iso." Ya juya ya shiga ofis. Da yamma na tafi gidan su yaron na ba iyayensa haƙuri, suka ce ba kome, tsautsayi ne. Ni kuwa na san ba tsautsayi ba ne, lissafina ne.

Da sassafe na ɗauki fallayen, na koma wurin dattijo, ina jiran ya ce, "Ai na gaya maka." Bai ce ba. Ya matsa mini gefen buzu, ya ce in zauna. Na ce, "Baba, na tuba. Na yi tunani a daren jiya, ko mu sayi waɗansu biyar, mu riɓa su biyu biyu, su zama kamar mai milimita biyu?" Ya yi dariya har ya ajiye guduma. Ya nuna mini wata babbar mota da ake yi wa lodin doya a bakin hanyar Makurɗi, ya ce, "Leƙa ƙarƙashinta ka ga sifirin. Ba fallaye ne aka jera wani bisa wani ba? Don me aka yi shi haka? Don ya yi laushi, ya riƙa lotsawa yana komowa. Falle biyu da ba a haɗe su ba, kowa zamewa yake bisa ɗan'uwansa. Kai da kake neman tauri, za ka bi hanyar masu neman laushi?"

Sa'an nan ya sa yaransa suka daddale fallayen da gudumar katako har suka miƙe. Ya ja layi da ƙusa, milimita 25 daga kowane gefe na tsawon. Suna da wani abin karya ƙarfe da suka haɗa da kansu, ƙarafa masu kusurwa ne, biyu suna matse fallen, na uku yana juyawa kamar ƙyaure, an liƙa masa bututu mai tsawon rabin mita ya zama mariƙi. Wani yaro da bai fi shekara goma sha biyar ba ya kama mariƙin ya ɗaga, baki ya karye sarai tun daga wannan kai har wancan. Na lura kullum sai ya ɗan zarce kusurwar da ake so, sa'an nan ya saki. Na tambaya, dattijo ya ce, "Ƙarfe yana da taurin kai. In ka kai shi daidai inda kake so, kana saki zai ja da baya kaɗan." Suka goge kaifin da magagari. Aka aza falle ɗaya bisa bulo, dattijo ya ce in jera littattafaina. Na jera, na ja zare, na sa rula. Da ƙyar na ga haske tsakanin zare da ƙarfe. Ga shi kuwa fallen nan ne na jiya, ba a ƙara masa ko ƙwayar ƙarfe ba, sai dai faɗinsa ya koma 250. Ladan aikin daga kuɗin abincina na biya, na yi mako biyu ina jiƙa gari.

A daren nan ban yi barci ba sai da na buɗe littafin kimiyya da na zo da shi daga kwaleji, wanda da na buɗe tun farko da ba a yi haka ba. Ga abin da na samu, na kuwa so kowane ɗayanmu ya riƙe shi.

Da fari dai, lanƙwasa iri biyu ce. Akwai wadda ƙarfe yake lotsawa, in an ɗauke kaya ya koma yadda yake. Wani Bature na Ingila, Robert Hooke, ya bayyana ƙa'idarta a 1678, cewa in ka ninka kaya, lotsawa ma ninkawa take. Nan kaɗai lissafina na ninki biyu yake da gaskiya. Akwai kuma wadda an wuce iyaka, ƙarfe ya karɓi sabon hali, ba ya komowa. Mai kanta ta farkon yake tsoro, maƙeri kuwa ta biyun yake nema.

To, me ya sa kauri yake da girma haka? In falle ya lotsa, fuskarsa ta ƙasa miƙewa take, ta sama tana matsewa, tsakiyar kaurin kuwa tana zaune ba ta aikin kome. Ƙarfen da ya fi nisa da tsakiya shi ya fi wahala, shi ya fi taimako. In ka ninka kauri, ka ninka yawan ƙarfe, ka kuma nisanta shi daga tsakiya. Saboda haka taurin falle ba kauri yake bi sau ɗaya ba, sai kauri sau kauri sau kauri. Rabin kauri, lotsawa sau 8. Tsawo ma haka, in kayan bai sake ba, ninki biyu na tsawo lotsawa sau 8 ne. Ni na rage kauri rabi, na ninka tsawo, watau 8 sau 8, 64 ke nan. Na ce sau 4, ashe sau 64 ne. Milimita 3 sau 64 ya ba da 192, kusan taƙi guda. Fallen bai ma jira ya kai can ba ya zame. Da na riɓa biyu kamar yadda na so, da rabi kawai zan rage, 96.

Ku gwada da rular katako ku gani. A kwance yaro ma zai tanƙwara ta, amma in ka tsai da ita a kan gefenta, ƙato ba ya iyawa. Bakin nan da dattijo ya karya, rula biyu ne ya tsayar a gefe, ya liƙa su jikin fallen. Da na bi lissafin sannu a hankali, sai na ga taurin ya ƙaru fiye da sau 350, lotsawar tsawon ta koma wajen rabin milimita. In da a shimfiɗe ake son samun wannan tauri, sai an sayi mai kauri milimita 7 da ɗoriya, kowane hawa ya yi nauyin kilo 15, alhali namu kilo 2 ne da kaɗan.

Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi ba ni mamaki, watau nawa ne ƙarfin da ake bukata a karya bakin nan, har yaro ya iya? Tun 1638 Galileyo na Italiya ya nuna cewa ƙarfin da sanda take jurewa kafin ta ba da kai yana bin faɗinta sau kauri sau kauri. Ku lura, nan sau biyu ne, ba sau uku ba. Baƙin ƙarfe irin na fallaye yakan fara sallamawa in an ɗora wa kowane murabba'in milimita nauyin wajen kilo 25, ko da yake wani ƙarfe ya fi wani. Ƙa'idar ita ce, ka ɗauki 25, sau tsawon layin da za a karya, sau kauri, sau kauri, ka raba da 4. Abin da ya fito, sai ka raba shi da nisan hannunka daga layin. Namu 25 sau 900 sau 1 sau 1, a raba da 4, ya ba da 5,625. In da hannu za ka tura bakin nan mai milimita 25, sai ka raba da 25, ka sami kilo 225, aikin ƙarti uku ko huɗu. Amma mariƙin yaron milimita 500 ne. Raba 5,625 da 500, kilo 11 ne da ɗan kai, nauyin bokitin ruwa. Da mai milimita 2 ne, sai a ninka sau 4, ya zama kilo 45 a mariƙi, sai babban mutum.

A manyan masana'antu injin ne yake danna falle cikin wani kwari mai faɗin milimita 8 kacal. Da yake nisan ƙanƙane ne, aikin nan da yaro ya yi da hannu ɗaya sai injin ya sa ƙarfin tan 6 zuwa 7. Mai gudumar katako kuwa wata dabara yake yi, ba ya karya layin duka gaba ɗaya, sai ɗan yanki bayan ɗan yanki, ya je ya komo har ya miƙe. Duk ƙa'ida ɗaya ce, ko ka tsawaita mariƙi, ko ka gajarta layi.

Tun daga ran nan idona ya buɗe, ko ina na duba a Lafiya sai in ga bakin da dattijo ya karya. Kwanon rufin da ke kanmu bai kai ko rabin milimita ba a yawancin gidaje, amma tudu da kwarin da aka yi masa su suke riƙe shi tsakanin katako da katako. Wani injiniya a birnin Landan, Henry Palmer, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1829. Ga gurun da ke jikin durom, ga bakin bokiti da ake naɗewa, ga ƙarfen dogon nan na dattijo, kai mai kauri, gindi mai faɗi, tsakiya siririya. Har ganyen ayaba, ba don jijiyar tsakiyarsa ba da bai miƙe ba.

Ran Jumma'a iyaye suka zo suka ga kanta tsaye da kayanta. Hedimasta bai ɓoye musu kome ba, ni ma na tashi na faɗi laifina da bakina. Ran Litinin da malaminmu mai duba aiki ya iso, na ajiye darasin da na shirya, na raba wa yara fallen takarda ɗai ɗai. Na ce kowa ya aza tasa tsakanin littattafai biyu, ya ɗora mata murfin kwalba. Duka suka faɗi. Na ce su karya mata baki gaba da baya, su sake gwadawa. Sai ga takarda ta ɗauki murfi biyar, wata ta ɗauki goma. Waɗansu suka yi mata tudu da kwari irin na kwano ba wanda ya gaya musu. Monita, da yatsarsa a ɗaure, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe abin da ya sami kantarmu ke nan?" Na ce, "Shi ne, kuma malaminku ne bai sani ba." Ajin ya fashe da dariya, har mai duba aiki. Ban taɓa ganin sun fahimci darasi kamar na ran nan ba.

Kada kuwa wani ya ce, to, ashe littafi banza ne, a bar wa maƙera. Ana sauran kwana uku in bar garin na je yi wa dattijo sallama, na tarar wani mai kanti ya kawo aikin kanta mai tsawon milimita 1,800, ninkin tawa, kayan da za ta ɗauka kuma ninki biyu. Dattijo ya san lalle za ta fi lotsawa, amma bai san da nawa ba, yana shawarar ya yanka falle ɗaya ya gwada. Na ce, "Baba, ba ni gawayi." Na rubuta a ƙasa, 8 na tsawo sau 2 na kaya, 16, sau rabin milimita, wajen milimita 8 ke nan. Na sake bi, na ga in bakin ya zama 40 maimakon 25, za ta koma wajen 2. Ya dubi lambobin, ya dube ni, ya ce, "Yau ka yi magana da harshen da ƙarfe yake ji." Ya ja layinsa a kan 40.

'Yan'uwa, abin da na komo da shi ke nan. Kuskurena ba yin lissafi ba ne, yin lissafi ne da ƙa'idar da na zata, ban duba ba, ban kuwa saurari wanda hannunsa ya shekara arba'in a kan abin ba. Mu da za mu tsaya gaban yara, in muka yi zato muka kira shi sani, ba mu kaɗai za mu ji ciwon ba, yatsar wani ce za ta yi jini. In an tura ku gari, ku nemi maƙeransa da masassaƙansa da maginansa, ku zauna gefen buzu ku yi tambaya, sa'an nan ku koma ku buɗe littafi ku ga dalilin abin da suka faɗa. Wanda kuma zai bi ta Lafiya, ya taya ni gai da Baba maƙeri, ya ce ɗalibinsa yana nan yana ƙoƙari.

Iyakar labarina ke nan. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.